Motar Gas da Sanyin Asuba: Gane Ciwon Hita Kafin a Zubar da Kuɗi

Daga Disamba zuwa Fabrairu, duk mai sammako zuwa tasha a ƙauyukan Kano da Jigawa ya san wannan ƙara. Direba ya murɗa makulli, kik yana ta juya inji har batir ya fara sanyi, farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas na fita ta salansa, mota kuwa ta ƙi kamawa. Ga kwandunan tumatir an loda tun dare a Kwanar Gafan, ko kuma Alhamis ce ana so a isa Maigatari kafin kasuwar dabbobi ta cika. Ƙarshenta sai a tara matasa a tura. Motar da ta yi watanni tana tashi da bugu ɗaya, yanzu kullum sai an sha fama.

A mafi yawan irin wannan, hita ce ta mutu, wato siririn ƙarfen nan da ke yin zafi a cikin injin gas don mai ya kama lokacin sanyi. Amma ba kullum ba, kuma a nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Wani ya sayi sabon batir, ya kai nozul gyara, har a kwance masa famfon injekta, alhali abin da ya lalace bai wuce tsawon yatsa ba. Wani kuma ya canja hita sau biyu a sanyi ɗaya, alhali injin ne ya gaji. Abu ɗaya ya haɗa su: an sayi kaya kafin a auna. Awon nan kuwa ba ya cin rabin awa, kuma kayan yin sa na cikin akwatin kowane rewaya.

Injin fetur yana da fulogi mai ba da tartsatsi. Injin gas ba shi da shi. Tun 1897 da injin Rudolf Diesel ya fara aiki yadda ake so a garin Augsburg na Jamus, dabarar ba ta canja ba: fistin ya matse iska zalla a cikin silinda har ta koma kashi ɗaya cikin 16 zuwa 23 na girmanta, matsin ya sa ta ɗauki zafin da ya haura digiri 500, sai nozul ya fesa gas a ciki, gas ɗin ya kama da kansa. Wanda ya taɓa ba wa keke iska da famfon hannu ya ji yadda gindin famfon ke zafi; shi ne abin da ke faruwa, sai dai ninkin ba ninkin. To da asubar hunturu, sa'ad da sanyi ke sauka ƙasa da digiri 15 a yankinmu, abubuwa kan taru su rage wannan zafi. Ƙarfen inji ya kwana a sanyi, yana shanye zafin iskar tun kafin a fesa mai. Baƙin mai ya yi kauri, juyawa ta yi nauyi. Batir shi ma ƙarfinsa na raguwa. Gas ya shiga, bai tarar da zafin da zai kama ba, sai ya fito ta salansa ɗanye. Shi ne farin hayaƙin nan mai yaji a ido.

Aikin hita shi ne cike wannan giɓi. Siririn ƙarfe ce da ake ɗaurawa a top silinda, kowace silinda da tata, bakinta na leƙe cikin wurin da ake fesa mai. A cikinta akwai naɗaɗɗiyar waya. Da wuta ta shiga, cikin daƙiƙu kaɗan bakin zai yi jajir, zafinsa ya kai digiri 850 zuwa 1000, irin na zamani ma su wuce haka. Ba injin take ɗumamawa ba, don ba ta da wannan ƙarfin. Ita dai ta samar da wuri ɗaya mai tsananin zafi inda feshin farko zai kama. A motocin baya-bayan nan ba ta mutuwa da zarar inji ya tashi, takan ci gaba da aiki har kusan minti 3 don rage hayaƙi da rawar inji.

Akwai wani bambanci da ya kamata duk mai motar gas ya sani, don shi ke nuna inda za a fara zargi. Tsofaffin injuna irin su Toyota 2L, 3L da 5L da ke cikin Hilux da Hiace, da 1HZ na Land Cruiser, da Peugeot 504 mai gas da J5, da Marsandi 207D da 208D, ba kai tsaye kan fistin suke fesa mai ba. Akwai wani ɗan ƙaramin ɗaki a cikin top silinda, a nan ake fesawa, wutar ta kama sannan ta faɗa silinda. Iskar da ke kutsawa cikin ɗakin nan ta ƙaramar kafa tana asarar zafi da yawa a jikin ƙarfe. Shi ya sa waɗannan injuna suka dogara da hita ƙwarai, ko da sanyin bai kai ya kawo ba. Su kuwa masu fesawa kai tsaye, kamar TDI na Golf da Sharan, da yawancin manyan motocin ɗaukar kaya, sanyinmu na nan bai cika hana su tashi ba ko da hitarsu ta yi rauni. Saboda haka idan Hiace mai 3L ta ƙi tashi da asuba, hita ce abin dubawa na farko. Idan TDI ce ta ƙi ƙememe, ni a ganina a fara da batir da layin mai. Tarakta irin Massey Ferguson mai injin Perkins kuma tsarinta daban ne: abu ɗaya ne a bututun shigar iska, yana yin ja, ya ɗiga gas kaɗan ya kunna 'yar wuta ta ɗumama iskar da ke shiga.

Direbobi kan ce hitar ta mutu dare ɗaya. Da wuya. Ɗaya bayan ɗaya suke mutuwa, kuma galibi tun da bazara. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke kai digiri 40, inji zai tashi ko da biyu ko uku cikin huɗu sun ƙone, ba wanda zai lura. Sai iskar hunturu ta kaɗa asirin ya tonu.

Alamar hita tana da siffarta. Wahalar tashi da safe ce kawai, ko bayan mota ta daɗe a ajiye. Kik na juyawa da ƙarfinsa. Hayaƙi fari ne. In ta kama, sai inji ya yi ta rawa yana tsallake, kamar minti ɗaya ko ƙasa, sannan ya daidaita hayaƙin ya ɗauke. Daga nan har dare bugu ɗaya take tashi. Duk abin da ya saɓa wa wannan siffa, to a dakata da zancen hita. Kik yana jan jiki da ƙyar, fitilu na dusashewa in an murɗa? Batir ne, ko kan batir ya yi tsatsa, ko wayar da ta haɗa inji da bodi ta saki. Cikakken batir yana nuna 12.6V a mita, kuma bai kamata ya faɗo ƙasa da wajen 10V ba lokacin da kik ke aiki. Inji na juyawa amma ko ɗigon hayaƙi babu a salansa? Mai ne ba ya zuwa: ko filta ta toshe, ko ɗan makunnin lantarkin da ke jikin famfon injekta bai buɗe ba, ko iska ta shiga layi. Gwajin iska mai sauƙi ne. A danna ɗan famfon hannu da ke kan filta har ya yi tauri, sannan a tayar. In ta kama nan take, akwai inda tiyo ya tsage yana barin mai ya koma tanki cikin dare. Idan kuwa da zafi da sanyi duk wahala take, tana shan baƙin mai, in an buɗe murfin zuba mai hayaƙi na bugowa, wannan maganar matsi ce, hita ba za ta magance ta ba.

'Yar fitilar nan mai kamar naɗin waya da ke kamawa a gaban direba tana ruɗar mutane da yawa. Kamawarta da mutuwarta ba shaida ba ce cewa hita ta yi zafi. A tsofaffin motoci na'urar ƙidayar lokaci ce ke kunna ta, kuma za ta kama ta mutu daidai ko da duk hitocin sun ƙone. Abin da take cewa kawai shi ne a jira. Jiran ma wasu ba sa yi, suna zura makulli sai su zarce da bugu. A motocin Volkswagen kuma, idan fitilar tana ƙiftawa ana cikin tafiya, kwamfutar inji ce ke ƙorafi a kan wani abu, wanda sau da yawa makunnin fitilar birki ne. Motar da ke da kwamfuta a sa mata na'urar gano matsala: lambobin P0380 da P0670 na nuni ga layin wutar hita ko akwatin da ke sarrafa ta, P0671 zuwa P0674 kuma suna faɗin silindar da tata ta samu matsala, daga ta 1 zuwa ta 4.

A gareji za ka ji direba na cewa, "Oga, canja min su duka kawai, ina da lodi." Rewayan da ya san aikinsa zai ce, "Malam, bari mu ga ko wuta na zuwa tukuna." Gaskiyarsa, don sabuwar hita ba ta da amfani in wuta ba ta isa gare ta. Inji na sanyi, a ɗora fitilar gwaji ko mita a kan falankin ƙarfen da ya haɗa kawunan hitocin, wani ya buɗe makulli. Ya kamata a ji rile, wato makunnin da ke sakar wa hitocin wuta, ya yi ƙas, wuta ta bayyana na wasu daƙiƙu. In ba ta zo ba, a koma baya: babban fiyus, rile, na'urar lokaci, da sensar zafin ruwa, wadda ita ke gaya wa tsarin tsawon lokacin da zai ba da wuta. Sensar da ta lalace tana iya nuna inji na da zafi alhali ya kwana a sanyi, sai a ƙi ba hita wuta sam. Kowace hita tana jan amfiya 10 zuwa 20 a farkon kamawa, huɗu a haɗe kuwa wuta ce mai yawa, shi ya sa bakin rile kan ƙone ciki. Yana iya yin ƙas ɗin amma wutar da yake wucarwa ba ta taka kara ta karya ba.

In wuta na zuwa, sai a kwance falankin nan. Wannan mataki ne da ake yawan tsallakewa, kuma in ba a cire shi ba awon banza ne, domin hitocin a haɗe suke, mai rai ɗaya za ta rufa wa matattu uku asiri. Bayan an raba su, a maƙala fitilar gwaji a kan batir mai alamar tarawa, a taɓa kan kowace hita da tsinin. Wadda fitila ta kama, wayar cikinta ba ta tsinke ba. Wadda ba ta kama ba ta mutu. Mita ta fi faɗin gaskiya: lafiyayyar hitar motar 12V tana nuna wajen om 1, ko ƙasa kaɗan ko sama kaɗan. A fara haɗa wayoyin mitar biyu a ga abin da su kansu ke nunawa, a debe shi daga lissafi. Abin lura shi ne huɗun su yi kusa da juna. Wadda ta yi nisa da 'yan'uwanta abin zargi ce.

Gwajin da aka fi sabawa da shi a garejinmu shi ne a ciro hita a ɗora a batir. A riƙe jikinta da filaya a jingina da kan batir mai alamar debewa, a kawo waya daga ɗaya kan a taɓa samanta. Lafiyayya daga can tsinin baki take fara ja, jan ya riƙa hawowa, cikin daƙiƙa 5 zuwa 10 ta yi jajir har ana jin hucinta a fuska. Wadda ta fara ja daga tsakiya, bakin ya tsaya baƙi, ta lalace ko da mita ta ce lafiya. Amma kafin a taɓa waya, a goge jikin hitar a karanta abin da aka rubuta. In an ga 11V ko 10.5V, gwajin ɗan lokaci ba laifi. In an ga 4.4V, 5V ko 7V, kada a kuskura. Waɗannan akwatin sarrafawa ne ke auna musu wuta daidai ƙarfinsu, batir kai tsaye zai ƙone su cikin daƙiƙu, a kashe mai lafiya da sunan gwaji. Masu bakin tangaran kuma ko faɗuwa ƙasa suka yi ba a mayar da su inji, don tsagewar da ido bai gani ba tana iya karyewa a ciki.

Hitar da aka ciro bai kamata a jefar da ita ba sai an dube ta da kyau, domin jikinta na faɗin abin da ya kashe ta. In bakin lafiya lau yake, baƙin toka kawai, ta dai daina aiki, tsufa ne. In bakin ya kumbura kamar zai fashe, wuta ce ta yi mata yawa: ko rile ya maƙale, ko an saka mai ƙaramin lamba a inda ba nata ba, ko ana daɗewa ana ba ta wuta. In kuwa bakin ya narke, ya zaizaye ko ya gutsure, to laifin na nozul ne mai ɗiga maimakon feshi, ko kuma taimin ɗin famfo ya yi gaba. Wanda ya saka sabuwa bai gyara wannan ba, zai dawo sayen wata kafin sanyin ya fita. Silindar da kullum ita ke cin hita, nozul ɗinta za a kai a gwada.

Da na'urar lokaci ta lalace, abin da aka saba yi a karkara shi ne a ja waya a saka maɓalli a gefen sitiyari, direba ya riƙa ba hita wuta da hannu. Ban ga laifin wannan a tsohuwar mota ba, in an yi shi bisa ƙa'ida: maɓallin ya zama mai komawa da kansa in an saki, ya bi ta rile da fiyus, hitocin su zama na 11V, kuma kada a wuce daƙiƙa 10 ana danne. Wasu injunan Toyota na wancan zamani da 6V ko 7V suka zo, dole a canja su in za a yi wannan haɗi. Abin da ba shi da kyau shi ne makunnin da ake kunnawa a bari. Rana ɗaya za a manta, a ƙone huɗun gaba ɗaya, wani lokaci har waya ta kama da wuta.

Akwai kuma al'adar da nake roƙon a bari: jiƙa tsumma da fetur a kara a bakin shigar iska, ko fesa maganin sauro a ciki. Mota na tashi, shi ya sa abin ya yaɗu. Amma ƙarar da ake ji a wannan lokaci, kamar ana dukan ƙarfe da guduma, ita ce ɓarnar. Tururin fetur ba ya jiran nozul. Yana fashewa tun fistin bai ƙarasa hawa ba, ƙarfin ya daki fistin yana kan tahowa. Ringi na karyewa a haka, gefen fistin na tsagewa, gaskit na ƙonewa. Idan kuma akwai hita ko ɗaya mai rai da ta yi ja, wutar na iya kamawa tun bawul na buɗe ta dawo baya, kuma yaron mota ne ke tsaye a wurin da tsumma a hannu. Direbobi kan ce mota ta saba, ba ta tashi sai da shi. Abin da ya faru shi ne ringin ya lalace, matsi ya ragu, yanzu ko sabuwar hita ba ta isa. Gyaran da bai wuce kuɗin hita huɗu ba ya koma sauke inji. Wanda ya rasa yadda zai yi da asuba, gara ya zuba ruwan ɗumi a kan top silinda, yana kauce wa wayoyi, ko ya ba hita wuta sau biyu kafin ya buga. Barin inji ya kwana yana aiki kuwa, da tsadar gas ta yanzu, ba mafita ba ce.

Cire tsohuwar hita shi ne inda ƙaramin aiki ke zama babba. Ta yi shekaru a wurin, toka ta daskare a jikinta, ga ta siririya kuma cikinta rami ne. Mai zaren milimita 10 ana ɗaure ta da ƙarfin Nm 15 ne kacal (Nm ma'aunin ƙarfin murɗawa ne), tana iya karyewa a wajen Nm 35. Mai milimita 8 ma a wajen Nm 20 take tsinkewa. Wannan ƙarfi ne da hannu ɗaya ke bayarwa ba tare da an yi nishi ba, balle a ƙara bututu a kan sifana. A zuba man sassauta tsatsa a gindinta tun daren jiya. Da safe a tayar da mota ta yi zafi sosai, don ƙarfe ya buɗe. A hure ƙurar da ke kewaye, wadda a hunturu ba ta kaɗan ba ce. A sa doguwar soket daidai kanta, a murɗa kaɗan, a mayar, a ƙara mai, a sake. In ta ƙi, a bar ta ta ƙara kwana, tunda mota na tafiya da matacciyar hita amma karyayya sai an nemi mai haƙa, wani lokaci sai an sauke top silinda. Wadda zarenta ya fita amma ta ƙi zarowa, bakinta ne ya kumbura ko toka ta riƙe shi. Kada a fizge. In har guntun baki ya faɗa ciki, kada a tayar da injin sai an fito da shi, domin fistin da bawul zai ɓata.

Wajen saye, a tafi da tsohuwar a hannu, ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano za a shiga ko wani shago a Hadeja ko Dutse. Tsawo, zare, siffar baki da lambar wuta duk su zo ɗaya. Wadda ta fi tsawo na iya taɓa abin da bai kamata ba, gajeriya kuma ba ta kai wurin feshi. Bosch, NGK, Denso da Beru su ne sanannun masu yin ta, kuma jabun da aka buga wa sunansu na yawo, don haka arhar da ta yi yawa abin tsoro ce. Ta hannu da aka ciro daga wani inji ba a karɓa sai an auna a gaban mai shago. In biyu sun mutu cikin huɗu, a canja duka, tunda shekarunsu ɗaya. Kafin a saka, a share ramin daga toka, a fara ɗaurawa da yatsu har ta zauna, sannan a ɗan ƙara da sifana. Ƙaramin notin saman ma a tausaya masa, don in aka matse shi da ƙarfi sandar ciki ke murɗewa, sabuwar hita ta mutu tun ba ta yi aiki ba.

Ba a tabbatar da gyara a gareji da rana. Sai mota ta kwana, a buga ta da asuba. Idan wuta na zuwa, hitoci sababbi ne, batir na da ƙarfi, babu iska a layi, amma har yanzu farin hayaƙi take yi tana ƙin kamawa, saura awon matsi. Ta ramin hitar ake ɗaura agogon awon, irin na injin gas, don na fetur ba ya ɗaukar wannan nauyi. Inji irin 3L mai lafiya yana ba da wajen bar 30. Wanda ya sauko kusa da 20, ko silinda ɗaya ta yi ƙasa da sauran sosai, magana ta koma kan ringi, bawul ko gaskit, kuma gara mai mota ya ji wannan tun yanzu, ya tsara aikin bayan an gama kwasar kayan rani, da ya ci gaba da sayen hita yana kashe batir da kik.